Rumfar waya a bakin titi: yadda za ka sa a gyara ta, a cire ta, ko a bar maka ita

A ƙofar benen da nake haya akwai wata rumfar wayar jama'a, irin wadda ake jefa wa sulalla a buga kira. Tun da na tare ban taɓa ganin wani ya ɗaga kan wayar ba. Gilashi ɗaya a fashe, ciki sai zarni, amma allon tallan da ke bayanta kullum sabo fil, ba ya wuce mako biyu ba a canja shi ba. Ban damu ba sai ran da na ga maƙwabciyata, wata dattijuwa mai keken guragu, ta gangara kan kwalta cikin motoci don ta kewaye rumfar, saboda kekenta ba ya shiga tsakaninta da bangon gida. Wata goma sha huɗu na yi ina fama kafin a ɗauke ta, kuma biyar na farko a banza suka tafi, don ƙofar da ba ita ba nake ta ƙwanƙwasawa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, rumfa ɗaya iyayen gida biyu gare ta. Wayar da ke ciki, da kuɗin kira, da dokar cewa kiran gaggawa kyauta ne, duk na hukumar sadarwa ta ƙasa ne. Ƙasar da rumfar ke tsaye a kai kuwa, wato hanyar masu tafiya a ƙasa, ta jama'a ce, kuma hukumar birni ce ke riƙe da amanarta. A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ta sa hukumar sadarwarsu, FCC, ta saki farashin kiran sulalla na cikin gari a 1997, kowane kamfani ya yanka kuɗinsa. Saboda haka wanda ya kai wa magajin gari kukan tsadar kira ya ɓata tawadarsa. Amma inda za a kafa rumfar, da girmanta, da tsabtarta, da tallan da za a manna mata, nan birni ke da ta cewa. A Birtaniya hukumar sadarwa Ofcom ce ke riƙe da ɓangaren waya, majalisun ƙananan hukumomi kuma suna riƙe da titi da izinin gini. Kafin ka rubuta wa kowa komai, ka tsaya ka tantance: kukanka na waya ne ko na ƙasa? Ni nawa na ƙasa ne, amma hukumar sadarwa na yi ta damu da wasiƙu, su kuma suna ba ni amsa cikin ladabi cewa layin yana kan rajista.

Fara da rumfar kanta

Ka shiga ciki, ko da za ka toshe hanci. A wurare da yawa doka ta tilasta wa mai rumfa ya rubuta sunan kamfaninsa, da lambar da za a kira a kai ƙorafi, da lambar wayar rumfar ko lambar shaidarta. Ka ɗauki hoton wannan rubutun. Idan babu shi, ka ɗauki hoton gurbin da ya kamata a same shi, don rashinsa ma laifi ne. Kada ka yarda da tambarin da ke saman rumfar kawai. Rumfuna da yawa sun canja hannu sau biyu sau uku, tsohon tambari yana nan, mai ita na yanzu kuwa wani kamfanin talla ne da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Sai ka ɗaga kan wayar ka saurara. Akwai ƙarar layi? Ramin sulalla a toshe yake? Igiyar a tsinke take? Ka rubuta rana da lokaci. Gwaji ɗaya bai isa ba, domin amsar da za a ba ka ita ce matsala ce ta ɗan lokaci, an riga an tura mai gyara. Ni littafi na buɗe, kowace Asabar da safe ina gwadawa, har mako goma sha ɗaya, ban taɓa jin ƙarar layi ba ko sau ɗaya. Wannan ɗan littafin ya fi duk dogon turancin da na rubuta amfani. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka kira lambar gaggawa da sunan gwaji. Akwai masu buƙatar layin da gaske, kuma a wurare da dama laifi ne.

Daga nan sai tef ɗin awo. Jami'in birni ba ya iya yin komai da "ta tare hanya", amma yana iya yin abu da santimita. Ka auna faɗin da ya rage wa mai tafiya, daga gefen rumfar zuwa bango ko shinge ko duk abin da ke tsaye kusa, a wurin da ya fi matsewa. Ka auna tazararta da kusurwar mahaɗa, da wurin tsallaka titi, da ƙofar gini, da famfon 'yan kwana-kwana, da tashar bas. Kowane birni da nasa alƙaluman, kuma suna cikin dokarsa a rubuce, amma akwai ma'aunai sanannu da za ka jingina da su. Jagorar ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ta ce a bar mita 2 na hanyar ƙafa don keken guragu biyu su wuce juna, idan wuri ya matse a bar mita 1.5. Ƙa'idojin dokar naƙasassu ta Amurka, wadda aka kafa a 1990, sun ce hanyar da keke zai bi kada ta gaza inci 36, abin da hannu zai taɓa kuma kada ya wuce tsawon inci 48 daga ƙasa.

Akwai wani awo da mutane ba sa tunawa da shi, kuma shi ya fi ba ni tausayi da na gane dalilinsa. Makaho da sanda yake laluben hanya, sanda kuwa abin da ke ƙasa take ji. Wayar da aka rataya a bango ko a kan sanda guda, ƙasanta fili, samanta ya bultso, sandar makaho za ta wuce ta ƙarƙashi, goshinsa ya gamu da ƙarfe. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ce duk abin da ke tsakanin inci 27 da inci 80 daga ƙasa kada ya bultso daga bango fiye da inci 4, idan a kan turke yake kada ya wuce inci 12. Idan taka rumfar mai ƙafa ɗaya ce, auna wannan ma.

Nemi takardar da ta ba ta izinin tsayuwa

Ba wanda ke da ikon dasa ƙarfe a hanyar jama'a haka kawai. Ko dai akwai lasisin wuri, ko yarjejeniya tsakanin birni da kamfani mai wa'adi, ko kuma wata dokar ƙasa da ta ɗauke wa kamfanonin waya neman izini. Ka tambayi sashen da ke kula da tituna ko sashen lasisi, a rubuce, wanne ne daga cikin ukun, kuma ka nemi kwafi. Idan ƙasar tana da dokar 'yancin samun bayanai, ka ambace ta a layin farko. Na lura tana sa a amsa da wuri.

Idan kwafin ya zo, kada ka tsaya karanta shi daga farko, zai sa ka barci. Nemi ranar ƙarewar wa'adi. Nemi sharaɗin gyara, wato kwana nawa aka ba kamfani ya tayar da wayar da ta mutu ko ya goge ƙazanta. Nemi maganar inshora da kuɗin ajiya, domin da wannan kuɗin birni ke tumɓuke rumfa ya gyara daɓen idan mai ita ya gudu. Sai kuma sakin layin da ke magana kan talla, wanda a nan ne asirin yake.

Ni sai da na karanta wannan sakin layin na gane dalilin da ya sa aka ƙi taɓa rumfar ƙofarmu. Biri ya yi kama da mutum. Wayar ba ta kawo ko sisi, allon ne ke kawowa, kuma birnin kansa yana da kaso a ciki. Ba a garinmu kaɗai ba ne. A Amurka wayoyin jama'a sun haura miliyan 2 a ƙarshen shekarun 1990, wayar hannu ta zo ta cinye kasuwar, abin da ya rage mai daraja shi ne fili a bakin titi mai cunkoso inda dubban idanu ke wucewa. A Ingila da can kamfanin da ke da lasisin sadarwa yana iya kafa rumfa ba tare da cikakken izinin gini ba, sai kamfanoni suka yi ta shigar da takardun sababbin rumfuna a tsakiyar Landan, ba don wani na neman wajen kira ba. Majalisar ƙaramar hukumar Westminster da ke Landan ta kai ƙara, a 2019 kotu ta yanke cewa rumfar da aka yi don waya da talla duka biyun ba ta cancanci wannan sassaucin ba, kuma a watan Mayun shekarar gwamnati ta soke sassaucin ga sababbin rumfuna. A Ostireliya ma majalisar birnin Melbourne ta yi shari'a da kamfanin waya Telstra kan manyan rumfuna masu allon talla na lantarki, a 2020 kotun tarayya ta ce ba su cikin ƙananan kayan da ake kafawa ba tare da izinin birni ba.

Amfanin sanin wannan gare ka shi ne ka san bakin zaren. Izinin da aka bayar na waya ne, talla ta raɓu da shi ne. Idan wayar ta mutu wata da watanni, to abin da ke tsaye allon talla ne mai rufi, kuma allon talla da dokarsa daban. Ran da na sauya wasiƙata daga "rumfar nan ta dame mu" zuwa "ga shaidar mako goma sha ɗaya cewa babu waya a nan, a ƙarƙashin wane izini allon yake tsaye?", ran nan aka fara kirana a waya maimakon a turo mini amsar da aka saba tura wa kowa.

Rubuta ƙorafin

Shafi ɗaya ya isa. Adireshin wurin daidai, lambar rumfar, sunan kamfani, awon da ka yi, ranakun gwaji, hotuna uku ko huɗu, da lambar sakin dokar da aka karya idan ka samo ta. A ƙarshe ka faɗi abu guda da kake so: gyara, matsarwa, ko cirewa. Idan ka nemi duka ukun za a zaɓar maka mafi sauƙi, a turo yaro da tsumma ya goge gilashi a ce an magance.

Ka tura wa birni, ka ba kamfani kwafi, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. A New York ta layin 311 ake shigar da irin wannan, birane da yawa kuma suna da makamancinsa. Idan kwanakin da suka ɗiba sun cika shiru, ka je wurin kansilan unguwarku da lambar a hannu. Kansila ba shi da ikon tumɓuke komai, amma tambayarsa ba a ajiye ta a ƙasan tire kamar tawa da taka. Ka nemi maƙwabta su rubuta nasu da bakinsu. Wasiƙa biyar mabambanta sun fi takarda ɗaya mai sa hannu hamsin. Maƙwabciyata layi huɗu ta rubuta, ta faɗi faɗin kekenta da faɗin da ya rage, shi ke nan, kuma nata aka karanta a zaman kwamiti, ba nawa ba.

Idan kukanka na masu zaman banza ne ko masu sayar da ƙwaya da suka mai da rumfar ofis, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, kuma ka sani cirewa ba ita kaɗai ce mafita ba. A shekarun 1990 biranen Amurka da dama sun sa an toshe shigowar kira a wasu wayoyin, sai dai a kira daga cikinsu, don dillalai su daina jiran kira a wurin. A Ingila kuma dokar 2001 ta haramta manna katunan tallan karuwai a rumfunan waya. Wani lokaci cire ƙofa ko ƙara fitila ya wadatar.

Idan so kake a bar ta

Bayan an ɗauke tamu na zama kamar wani gwani a idon abokai, har wani ya kira ni daga wani ƙauye da ke bakin teku. Shi nasa akasin nawa ne: an manna takarda a rumfarsu cewa za a cire ta, kuma a wurin sabis ɗin wayar hannu sai an hau tudu. Na ji kunya kaɗan, don na riga na saba kallon kowace rumfa a matsayin shara.

Ba shara ba ce duka. Tsohon layin jan ƙarfe daga ofishin waya yake samun wutarsa, shi ya sa lokacin guguwar Sandy a Oktoban 2012, da wuta ta ɗauke a kudancin Manhattan da ke New York, turakun wayar hannu suka yi shiru, mutane suka yi layi a rumfunan da suka manta da su. A Japan ana ba wayoyin jama'a fifiko a layi lokacin bala'i, kuma bayan girgizar ƙasar Maris 2011 an mai da su kyauta a yankunan da abin ya shafa. Dokarsu ta ƙayyade tazara: da can waya ɗaya a kowane murabba'i mai gefen mita 500 a cikin gari, kilomita 1 a waje, sai a 2022 aka sassauta zuwa kilomita 1 da kilomita 2. Ofcom ta ce a shekarar da ta ƙare a Mayun 2020 an buga kiran gaggawa kusan 150,000 daga rumfunan Birtaniya. Telstra kuwa tun Agustan 2021 ta mai da kiran cikin ƙasa kyauta a rumfunanta kusan 15,000.

Ga mai son ceto rumfa, ƙa'idar Birtaniya ta 2022 ita ce mafi bayyana da na sani, kuma ko ba a can kake ba hujjojinta za su yi maka aiki. Ta shafi rumfar da babu wata a cikin tafiyar mita 400 daga gare ta. Ba a cire irin wannan idan wurin bai da sabis na duka manyan kamfanonin wayar hannu huɗu, ko wuri ne da ake yawan haɗari ko mutane ke yawan kashe kansu, ko an buga kira 52 ko fiye daga cikinta a wata goma sha biyun da suka wuce, ko akwai wata hujja ta musamman. Kamfani zai manna sanarwa, ya ba ƙaramar hukuma kwana 90 ta faɗi ra'ayinta. To abin yi a bayyane yake. Ranar da ka ga takardar ka ɗauki hotonta, don daga ranar ake ƙirga. Ka tara wayoyi masu layuka daban-daban ka tsaya a gindin rumfar ka ɗauki hoton abin da kowace ke nunawa. Ka tambayi kamfani adadin kiran da aka yi. Ka nemi wasiƙa daga masu aikin ceto ko asibitin yankin. Kuma ga ƙaramar hukuma za ka kai, ita ce ake saurara. Kira 52 fa ɗaya ne a mako. Na gaya wa abokina, in da gaske suke so, su riƙa amfani da abarsu.

Wannan kariya ba ko'ina take ba. Faransa ta cire wa kamfanin waya Orange wajibcin riƙe rumfuna da dokar 2015, Jamus ta kashe biyan sulalla a Nuwamban 2022 ta rufe sauran aikin a farkon 2023. Inda doka ta saki kamfani, roƙo kawai ya rage.

Idan wayar ba za ta tsira ba amma ginin kuke so, nan ma akwai hanya. Tun 2008 kamfanin wayar Birtaniya BT ke sayar wa majalisun gari da ƙungiyoyin agaji jajayen rumfunan nan a kan fam 1, a cire wayar a bar musu kwangon. Wasu sun sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, wasu sun jera littattafai. Mutum ɗaya ba ya saya sai in a filinsa take. Ka tuna wanda ya karɓa shi zai ɗauki fenti da gilashi da alhakin duk wanda ya ji ciwo, kuma da yawa daga samfurin K6, wanda Giles Gilbert Scott ya zana a 1935, suna cikin rajistar kayan tarihi, ba a sauya musu kama sai da izini.

Abin da ke zuwa a gurbinta

Wannan ne ban yi tunaninsa da wuri ba. Kamfani ba ya son sakin gurbi mai kyau, sau da yawa zai ce zai cire tsohuwa ya kafa ta zamani. New York ta bi wannan hanyar gaba ɗaya: yarjejeniyoyin rumfunanta sun ƙare a 2014, ta ba kamfanin CityBridge kwangilar LinkNYC, turaku masu intanet kyauta da kira kyauta da wajen cajin waya, talla ce ke biyan kuɗinsu. Sun fara aiki a 2016, kuma a Satumban shekarar aka kashe shiga shafukan intanet a allunansu saboda mutane sun mai da gindinsu wurin zama. A ranar 23 ga Mayu 2022 aka ɗauke wayar sulalla ta ƙarshe da ke ƙarƙashin kulawar birnin daga titin Seventh Avenue aka kai ta gidan tarihi, ko da yake an bar wasu tsofaffin rumfuna huɗu a West End Avenue. Turakun farko tsawonsu ƙafa 9 da rabi. Na 5G da suka biyo baya a 2022 ƙafa 32 ne, unguwanni da dama kuma sun tayar da jijiyar wuya a kansu.

Saboda haka idan aka ce maka an amince za a cire, ka tambaya a rubuce: cirewa ce ko musanya? Idan musanya ce, ka nemi zanen sabuwar da faɗinta da hasken allonta da dare, ka koma da tef ɗinka ka auna a ƙasa da alli. Idan cirewa ce, ka tambayi wanda zai yanke wutar, ya cire ƙusoshin gindi, ya mayar da daɓen yadda yake. Mu da aka ɗauke tamu an bar ƙusoshi huɗu a tsaye da wani ramin waya da aka rufe da katako. Sai da na sake buɗe sabon ƙorafi, da sabuwar lamba, aka ƙara mako bakwai kafin masu siminti su zo. Ran da ya bushe na auna wurin, mita 2 da santimita 10, Hajiya maƙwabciyata ta wuce da kekenta ba ta ko rage gudu ba.